Yadda za ka tsare ruwan famfo daga bakin titi zuwa bakin randa

Ruwan da Hukumar Samar da Ruwa ta Jihar Kano ke turowa cikin gari yana fitowa ne daga matatu irin su Challawa da Tamburawa da Watari. A can ake zuba masa alif don laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi ya tace, sannan a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Daga matata zuwa gidanka kuwa, sai ya yi tafiyar kilomita da dama cikin bututu, wasu sun tsufa sun tsage, wasu kwance suke tsamo-tsamo cikin kwata. A wannan tafiya, da kuma cikin gidajenmu, ruwa ya fi gurɓacewa. A nan ne kuma maigida da uwargida ke da abin yi.

Abu na farko: kada ka tari ruwan fari don sha. Yana da kyau a san dalili, domin wanda ya gane shi ba ya sake mantawa. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, duk inda ya tsage ruwa waje yake fesowa, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Da zarar an ɗauke ruwa, bututun ya zama wayam, sai lamarin ya juya: ruwan kwata da na masai da ke kewaye da tsagar su riƙa tsiyaya ciki. Ranar da aka kawo ruwa, wannan ƙazantar ce ke riga kowa isowa. Saboda haka a bar famfo ya zuba har sai ruwan ya washe. Kada a zubar da na farkon, a yi wanke bayi ko yayyafin tsakar gida da shi. Na san ranar da aka kawo ruwa kowa sauri yake ya cika mazubinsa kafin a sake ɗaukewa, amma randar sha ita ce ta ƙarshe da ya kamata a cika.

Na biyu, ka fita ka bi bututun gidanka da ido tun daga inda aka jona shi da babban layi. In ya ratsa ta cikin lambatu, a kira mai gyaran famfo ya ɗaga shi sama da ruwan kwata. In ya fashe, a yanke wurin a sa sabo. Ɗaure shi da robar taya yana rage zuba ne kawai, ba ya hana datti shiga. Masu jona injin jan ruwa kai tsaye a bututun hukuma kuma su sani, injin yana zuƙo ruwa har da abin da ke bakin kowace tsaga, ya kuma hana maƙwabta samu. A tara a tankin ƙasa tukuna, daga nan inji ya hau da shi sama.

Na uku, ɗebo ruwan a kofin gilashi ka ɗaga shi wajen haske. In ya yi fari kamar an ɗiga madara, sannan ya washe daga ƙasa zuwa sama cikin ɗan lokaci, iska ce kawai, ba komai. In ja ne ko ruwan ƙasa, laka ce ko tsatsa. Ka kuma sansana. Mutane da yawa suna ƙin ruwa in sun ji warin magani, alhali ɗan warin kulorin alama ce mai kyau, yana nuna akwai sauran maganin da ke gadin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita a bakin famfo. Warin da za a ji tsoro shi ne na kwata ko na kananzir ko fetur. Irin wannan ba a sha, ba a girki da shi. Sai dai gwajin ido iyakarsa ke nan. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba a ganinsu, ruwa garai-garai ma yana iya kasancewa ɗauke da su. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Shi ya sa mataki na huɗu ya fi kowane nauyi, kuma yana da tsari: a kwantar, a tace, sannan a kashe ƙwayoyin. In ruwan ya yi gurɓi, a bar shi a bokiti mai murfi har laka ta kwanta, ko a ɗan kaɗa alif kaɗan a ciki a cire. A tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka. Alif laka yake kwantarwa, bai isa ya mai da ruwa na sha ba. Bayan haka a tafasa har ya yi ɓul-ɓul sosai na minti ɗaya, ɗumi kawai bai wadatar ba. A bar shi ya huce a rufe cikin tukunyar. In gawayi ko gas ya yi tsada, a nemi maganin ruwa irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs a kemis, a bi awon da aka rubuta a jiki, a jijjiga, a jira minti 30 kafin a sha. Kulorin ba ya aiki sosai cikin ruwa mai laka, shi ya sa tacewa ke riga shi. Akwai kuma hanyar rana, wadda ba ta cin ko kwabo: a cika farar gorar roba mai garai-garai, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana mai ƙarfi, ko kwana 2 in akwai hadari. Ruwan jariri da na mara lafiya dai tafasawa ta fi.

Tafasawa da kulorin ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire guba irin dalma ko sinadaran masana'antu. Wanda rijiyarsa ko burtsatsensa ke kusa da magudanar majemu, kamar a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa masa gaskiyar ruwansa.

Sai ajiya, inda wahalar da aka sha takan tashi a banza. An tafasa ruwa, an juye a randa, sai yaro ya dawo daga wasa ya tsoma moɗa har wuyan hannu. Uwargida, ki ware moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kaɗai, a rataye ta, kowa ya zuba a kofinsa. Randa ta kasance a rufe, a riƙa wanke ta kafin a sake cikawa, kada a yi ta ƙara sabo a kan tsoho. Jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo sun fi tsaro, don hannu ba ya shiga. Tankin sama a leƙa shi a kai a kai, a tabbatar murfinsa na nan, a wanke shi kamar sau biyu a shekara. In 'yan garuwa ke kawo muku, tambayi inda suke ɗebowa, ka leƙa cikin jarkokin. In akwai gansakuka, ruwan sai an yi masa magani.

In ruwan unguwarku ya ci gaba da zuwa da launi ko wari, tambayi maƙwabta. In gidanka ne kaɗai, matsalar tana bututunka ko tankinka. In layin ne gaba ɗaya, ku ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, ku rubuta rana da lokaci da sunan layi, ku ɗauki hoton inda bututu ya fashe, ku tafi tare da mai unguwa zuwa ofishin hukumar ruwa mafi kusa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fara fitarwa a 2007, ta hana a samu ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko da ɗaya ce a cikin mililita 100 na ruwa. Ku nemi a zo a gwada, a kuma ba ku sakamakon a rubuce.