Ɗauko Hoto Daga Mafarki

Ɗan'uwa mai ɗaukar bidiyo da salula a Falanko, in kwaikwayon 'yan Kano ya gundure ka, leƙa mafarkinka.

Akwai mafarkin da mutum ke sane cewa mafarki yake, har ya juya akalarsa. A 1975 mai bincike Keith Hearne ya tabbatar da shi a Ingila, inda mai barci ya yi masa ishara da motsin idanu.

Kwana da salula kusa da tabarma. Da ka farka, kafin ka miƙe, naɗi abin da ka gani da muryarka, don mafarki saurin gudu gare shi. Da rana ka riƙa ƙirga yatsunka kana tambayar kanka ko farke kake. Wata rana za ka ƙirga su cikin barci ka ga shida, sai ka gane mafarki kake. Barcin ƙarshen dare ya fi yawan mafarki. Mummunan mafarki kuwa bar shi, haka malamai suka koyar.

Rashin kayan aiki ba hujja ba ne. Moustapha Alassane na Nijar da zanen kwaɗi ya yi fim a 1966. Ka ga raƙumi na tafiya da baya a mafarki? Ɗauki na kasuwar Tanut, ka juya hoton, ka rage masa sauri.