Keke a Aikin 'Yan Sanda da na Agajin Gaggawa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Unguwar Dosa zuwa Babbar Kasuwa da yamma ya san yadda cunkoso yake tsayar da komai a Titin Ahmadu Bello. Mu ɗauka a wannan lokacin wani mutum ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa, zuciyarsa ta tsaya. Likitoci sun ce kowane minti da ya wuce ba a taimake shi ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi goma cikin ɗari. Motar asibiti tana iya ta jiniya, amma ba ta da fuka-fuki.

Wannan matsala ce ta sa hukumar motocin asibiti ta Landan, a Ingila, ta soma ɗora ma'aikatanta a kan keke a shekara ta 2000. Wanda ya kawo shawarar shi ne Tom Lynch, ma'aikacin hukumar, wanda a dā zakara ne a tseren keke. A jakunkunan keken akwai iskar oksijin, da magunguna, da na'urar da ke farfaɗo da zuciya da wutar lantarki. Ɗalibai, ku lura: keken ba ya ɗaukar majinyaci. Aikinsa shi ne ya kai mai ilimin ceto wurin majinyaci da sauri, ta lungun da mota ba ta shiga. Sau da yawa a nan take ake gama jinyar, motar asibiti ta tafi wurin wanda ya fi bukata.

'Yan sanda ma haka. A 1987 wasu 'yan sanda biyu a birnin Siyatil na Amurka suka gaji da maƙalewa cikin cunkoso, suka koma sintiri a kan keke. Keke ba ya ƙara, ɓarawo ba ya jin zuwansa, ba ya shan mai, kuma mai sayar da tumatir yana iya tsayar da ɗan sandan ya gaya masa abin da ya gani.

A wurinmu ba sabon abu ba ne. Dattawanmu suna tuna ɗan doka na zamanin En'e a kan Raleigh ɗinsa, har ma an yi masana'antar wannan keke a Kano. Mu ne muka raina shi daga baya, muka maishe shi alamar talauci. A ganinmu wannan raini ya fi zafin rana da ruwan Agusta wahalar magancewa.

Akwai kuma batun hanya. A 2001 ministan sufuri, Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan Nijeriya su koma hawan keke, sai wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Idan za mu tura mai jinya a kan keke daga Kawo zuwa Asibitin Barau Dikko, dole sai mun fara ware masa gefen titin da direban bas da mai Keke Napep ba za su shiga ba.