Gyaran katafila ma boko yake so

Iyaye kan kawo mini yaro su ce, "Malam, ga shi nan, karatu ya ƙi shi, ka koya masa gyaran katafila." Nakan karɓe shi, amma ba na ɓoye musu cewa wannan sana'ar ma karatu take buƙata.

Injin haƙa na yanzu da kwamfuta yake zuwa. Idan ya sami matsala lamba yake nunawa a allo, sai ka jona masa laftof, ka bi zanen wayoyi da na haidurolik har ka gano inda cutar take. Wanda bai iya karanta zanen ba, canki-canka zai koma. Na ga an sa mai inji ya sayi sabon famfo da tsabar kuɗi masu yawa, ashe wata 'yar waya ce ɓera ya ci.

Shi ya sa nake cewa a kai yaro kwalejin fasaha bayan aji uku na ƙaramar sakandare. Shekara 3 zai yi, ya zauna jarrabawar NABTEB, ya fito da shaidar NTC. Daga nan yana iya wucewa foliteknik irin ta Kaduna, inda za a tura shi aikin gwaji a kamfani ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF.

Amma abin da ya fi damuna shi ne lafiyar jiki. Tayar ƙaramar mota matsin iskarta bai wuce ma'aunin bar 2 da ɗan abu ba, shi kuwa man haidurolik na injin haƙa matsinsa yana kai bar 350. Idan tiyo ya huje daidai bakin allura, ba lallai ido ya ga man da ke fita ba. Yaro ya shafa hannu yana neman inda yake yoyo, man ya huda fata ya shige. Ciwon ɗan ƙarami ne, har ya koma aiki, kafin gari ya waye yatsa ya kumbura, wani lokaci sai an yanke. Da kwali ake laluben yoyo. Wanda abin ya samu kuma, asibiti nan take, a faɗa wa likita mai ne ya shiga, domin aikin tiyata ne. Kafin a kwance kowane tiyo a sauke bokitin a ƙasa, a kashe inji, a sauke matsin man, makulli kuma ya kasance a aljihun mai gyara.

Gareji fa yana da nasa amfanin. Wasu kwalejojin tsohon inji ɗaya suke da shi, ɗalibai su yi ta kwancewa suna ɗaurawa. Don haka idan an yi hutu, a haɗa yaron da ogan da ke aikin hanya ko fasa dutse, ya ga yadda ƙurar hunturu ke toshe filtar iska, ya koyi tsiyaye ruwan da ke kwance a filtar dizal kowace safiya kafin a tayar da inji.