Waya Kafin Akwati: Shawarwari ga Mai Rediyon Sha'awa a Ƙaramin Gida

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo tun da asuba ya san mita 41 da mita 25, ko da bai taɓa tambayar me ake aunawa da mitar ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsakanin waɗannan manyan tashoshi na gajeren zango akwai 'yan filaye da duniya ta ware wa mutane irinmu, su yi magana da juna daga ɗakunansu, ba don kuɗi ba, don sha'awa da koyon fasaha. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris a 1925, kuma sunan kiran kowane ɗan Najeriya a iska yana farawa da 5N, na Nijar kuma 5U. A Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida, gab da jami'ar fasaha ta Gidan Kwano, ba a rasa matasa masu son abin. Matsalar da suke kawowa ɗaya ce: ɗaki ciki da falo ne, na haya, tsakar gidan kuma ta igiyar shanya ce da tulin doya. Ga abin da zan ce musu.

1. Fara da kunne. Sauraro ba ya bukatar izini, magana ce ke bukata. Ƙaramar na'urar nan da ake kira RTL-SDR, mai kama da filashi, idan ka samu irin wadda ke kama gajeren zango ka soka ta a kwamfuta, ka jefa waya mai tsawon mita 10 ta taga, za ka ji masu sha'awa na hira a kan mita 20, wato daga megahaz 14 zuwa 14.35. Yi wata biyu kana ji. A nan za ka gane wane zango ne ke buɗewa da hantsi, wanne ne sai bayan magariba, kuma ko gidanku na da shirun da ake bukata.

2. Lasisi, sannan mai gida, sannan mai unguwa. Watsa magana ba tare da lasisin gwamnatin tarayya ba laifi ne, kuma ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ce ƙofar da ya kamata ka fara ƙwanƙwasawa don sanin hanyar samunsa. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba a jihar Neja ta yau. Mutanen da suka ga abin da 'yan bindiga suka yi a yankunan Shiroro da Rafi, in suka hangi saurayi da oba-oba a hannu da doguwar waya a kan rufi, ba fasaha ce za ta fara zuwa musu a rai ba, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Tun kafin ka ɗaura komai, ɗauki kwafin lasisinka ka je ka gai da mai unguwa, ka leƙa ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka yi wa 'yan sintiri bayani. Mai gidan haya kuma ka zaunar da shi ka ce, "Baba, waya ce kamar ta shanya, ba na huda kwano, ranar da zan tashi zan kwance abina." Idan da hali, ka kira shi ɗaki ya ji muryar wani daga Italiya ko Brazil da kunnensa. Wanda ya ji sau ɗaya, shi ne zai riƙa kare ka a bayan idonka.

3. Auna gidan kafin ka zaɓi zango. Lissafin ɗaya ne, kuma ya kamata ka haddace shi: raba 143 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon eriya mai hannu biyu a mita. A kan mita 40, wajen megahaz 7.1, kana bukatar waya mai mita 20. A kan mita 20 kana bukatar mita 10. A kan mita 10, wajen megahaz 28.4, mita 5 kacal. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda ya kai kusan mita 15 da 30, zai ɗauki mafi tsawonsu cikin sauƙi. Mai tsakar gida mai taku bakwai ya haƙura da mita 40 tukuna, ya kama mita 10 ko 15. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙwallafa rai a kan zangon da gidansa ba zai ɗauka ba, ya ƙare da sayen akwatuna kala-kala don gyara abin da awo da igiya zai gaya masa tun farko.

4. Gora ɗaya ta isa. Eriya mai hannu biyu ba dole sai an miƙe ta sambal tsakanin turaka biyu ba. Ɗaga tsakiyarta a kan gora mai mita 7 ko 8, ka sauko da hannayen biyu gefe da gefe kamar jinkar ɗaki, ka ɗaure bakinsu a katanga ta hanyar guntun fayif na roba da igiya. Kada kusurwar da ke sama ta matse ta gaza digiri 90, kuma bakin wayar ya fi ƙarfin hannun yaro, domin a can ƙarshen ne wutar ke taruwa lokacin da kake magana. Wayar lantarki ta gida mai rufin roba ta wadatar. Ka yanke ta da ɗan rara, ka riƙa naɗe bakin kaɗan kaɗan har ma'aunin SWR, mai nuna yadda eriya ta dace da zango, ya sauko ƙasa da 2. Ƙaramin ma'aunin NanoVNA na yin wannan aiki, mutum uku ma za su iya haɗa kuɗi su saya ɗaya.

Wani abu da ke faranta mini rai game da eriyar da ba ta yi tsayi ba: a kan mita 40 da rana, tana harba saƙo kusan tsaye zuwa sama, ya dawo ya zubo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke kewaye har nisan kilomita ɗaruruwa. Ga mai neman Turai wannan naƙasa ce. Ga mai son jin Kaduna, Abuja, Ilori, Kano ko Maraɗi, ita ce daidai.

Idan kuwa bishiyar mangwaro ko dalbejiya za ka yi amfani da ita, kada ka ɗaure tamau. Na taɓa yi. Iskar farkon damina ta taso cikin dare, reshen ya yi gaba ya dawo, da safe na tarar da rabin eriyata a cikin kaskon awakin maƙwabciya, ɗayan rabin na lilo a saman bishiya inda ko ɗan hawa ba ya kaiwa. Tun daga ranar nake zura igiyar ta cikin zoben ƙarfe, in rataya galan mai yashi a ƙasanta. Bishiya ta yi rawarta, galan ya hau ya sauka, waya na nan lafiya.

5. Wanda ba shi da tsakiyar da zai kafa gora, ya ciyar da wayar daga baki ɗaya: waya mai mita 20 daga tagar ɗaki zuwa bishiya, da ƙaramar taransifoma mai 49 bisa 1 a gindinta. Tana aiki a kan mita 40, 20, 15 da 10, ko da an lanƙwasa ta ta bi kusurwar gida.

6. Kwano abokin gaba ne, kuma aboki ne. Waya a kwance kusa da rufin kwano tana rikicewa, awonka ya tashi a banza. Ka nisanta ta da shi aƙalla mita 2. Amma eriya tsayayya rufin ƙarfe take so a ƙarƙashinta. Sanda mai mita 5 a tsaye a gefen rufi ta ishi zangon mita 20, mai santimita 49 kuma ta ishi zangon mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146. Sai dai kada ka dogara da kwanon kaɗai, don tsatsa kan raba falle da falle ta fuskar lantarki ko da ido na ganinsu a haɗe. Shimfiɗa wayoyi uku ko huɗu masu tsawon sandar daga gindinta.

7. Eriyar zobe, mai faɗin kusan mita ɗaya da ake lanƙwasawa daga bututun jan ƙarfe, tana zama a baranda ko bayan ƙofa. Ina yaba ta da rabin baki. Da ka matsa kaɗan a zango sai ka sake murɗa ta, kuma wutar da ke kan kafasitonta na iya kai dubban bolt ko da ƙarfin da kake turawa bai taka kara ya karya ba. Gidan da yara ke rarrafe, a yi sauraro da ita kawai.

8. Farautar ƙara. Wannan ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci a unguwa mai cunkoso, kuma kyauta ce. Jihar Neja ce ke da madatsun wutar lantarki na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma kowa ya san rayuwar gidajenmu a kan sola da inbata da janareto take, kuma kowannensu na zuba tasa shara a iska. Ɗauki ƙaramin rediyon batir, ka sa shi a gajeren zango inda babu tasha, ka zaga gida. Matsa shi kusa da cajar waya mai araha, za ka ji zzzz kamar an taɓa gidan zuma. Ƙwan fitila na zamani, fanka mai caji, akwatin da ke sarrafa cajin sola, duk ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. A ɗakina, abin da ya hana ni jin komai har mako uku ƙwan fitila ɗaya ne a banɗaki. Na kwance shi, sai ga muryoyi sun fito tamkar an buɗe taga. Abin da ba za ka iya cirewa ba, ka naɗa wayarsa sau biyar ko shida a zoben ferait. Na maƙwabci kuwa sai lallashi: saya masa caja mai kyau ya fi jayayya arha. Za ka kuma lura cewa lokacin da aka ɗauke wuta, kafin a tada janareto, unguwa ta yi tsit, shi ne lokacin da rediyonka ya fi ji.

9. Kada ka bi wat 100. Rediyo mai wannan ƙarfi na jan kusan amfiya 20 daga batir mai bolt 12 yayin magana, ga shi a ƙaramin gida yana kutsawa cikin lasifikar maƙwabta. Wat 5 zuwa 20 sun isa, musamman da tsarin FT8, wanda Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Kwamfuta ce ke musayar gajerun saƙonni duk daƙiƙa 15, tana tsamo su daga ƙarƙashin ƙarar da kunne ba ya jin komai a cikinta. Sai agogon kwamfutarka ya zama daidai. Alamar yankin Minna a taswirar masu sha'awa ita ce JJ39, kuma da yake masu 5N ba su da yawa a iska, da ka bayyana za ka ga ana layi a kanka. Ni dai na fi son jin muryar mutum, amma ga ɗan haya babu kamar FT8.

10. Tsawa da hunturu. Daga Afrilu zuwa Oktoba, da hadari ya haɗo, cire kebul ɗin eriya daga rediyo ka fitar da bakinsa waje, nesa da gado da tabarma. Haka in za ka yi tafiya. Kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a daidai inda kebul ke shiga ɗaki, ka haɗa da waya mai kauri, gajera. Lokacin hunturu ma kada ka saki jiki: busasshiyar iska mai ƙura na tara caji a doguwar waya, har ka ji ƙas-ƙas a bakin kebul ba ko gajimare a sama. Game da wayoyin wutar lantarki kuwa babu sassauci: duk inda gorarka za ta iya faɗuwa ta taɓa su, wurin bai dace ba, komai kyansa.

11. Naɗe mahaɗin kebul da tef mai kyau, ka bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga taga don ruwa ya ɗiga a waje. Kebul na rediyo mai om 50 ne, na dish 75. Na dish zai yi maka sauraro, har da magana a eriya mai hannu biyu in babu wani.

12. In babu fili ko kaɗan, duba sama. A Nuwamba 2018 aka harba tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, ɗauke da na'urar masu sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, yana ganin duniya daga gabashin Brazil har Tailan, Afirka duka na ƙarƙashinsa. Daga Garatu yana can sama sosai ta wajen gabas, don haka katanga ko rufin maƙwabci da wuya su tare shi. Yana sauko da saƙo a gigahaz 10, ana aika masa a gigahaz 2.4. Don sauraro, dish na talabijin mai santimita 80 ko 90 da kansa na yau da kullum da na'urar nan ta shawara ta farko sun isa. Aikawa na bukatar ƙarin kaya da 'yan wat kaɗan, aiki ne da ɗaliban lantarki na Gidan Kwano za su ji daɗin haɗawa. Ba ruwansa da dare ko rana, ba ya jiran zango ya buɗe, kuma dish a jikin bango ba ya sa kowa ya waiwaya.

Mai oba-oba kaɗai ma yana da rabonsa. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kan yi magana a megahaz 145.800, wani lokaci da 'yan makaranta, wani lokaci ta aiko da hotuna. Manhajar waya za ta gaya maka lokacin wucewarta. Ba ta wuce minti goma a sama. Fito tsakar gida da yara, ka kwantar da eriyar a hannu kana juya ta a hankali daga inda tashar ta ɓullo zuwa inda za ta faɗa.