Shawarwari shida kan katunan da ke ɗauke da ƙwayar lantarki

A gidajen Zuru, Dabai ko Ribah, da wuya ka rasa katin banki, katin zaɓe ko fasfo. A cikin yawancinsu an binne wata 'yar ƙwayar lantarki da siririyar waya zagaye da ita. Ba ta da batir. Sai an kusantar da ita ga na'urar karantawa take samun wuta, ta faɗi bayanin da ke cikinta. Ga yadda za mu kula da ita.

1. Ku san inda take. Fasfon Najeriya na ɗauke da ita tun 2007, alamarta na ƙasan bango. Katin zaɓe ma na da ita, ita ce na'urar INEC ta riƙa karantawa a zaɓen 2015. A katin banki ku duba lanƙwasassun layuka huɗu. In suna nan, katin na iya biyan kuɗi da an ɗora shi a kan POS.

2. Ku kwantar da hankalin iyali. Ƙwayar katin banki ba ta aiki sai in tazararta da na'urar ba ta wuce faɗin 'yan yatsu ba, kusan santimita 4. Ba ta jin hira, ba ta kuma nuna inda mutum yake. Haka irin wadda ake maƙala wa shanu a kunne: tana tabbatar da mai saniya in an gan ta, amma ba ta bin sawun wadda aka kora daji.

3. Kada kati ya bar idonku. A Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade biyan kuɗi ta ɗora kati ba tare da lambar sirri ba a kan naira 15,000 a tashi ɗaya, da 50,000 a yini. Wannan kuɗin cefane ne mai yawa. Ranar kasuwa kada ku bar mai POS ya shige rumfa da katinku, kuma ku karanta adadin kafin ku ɗora.

4. Lambar sirri ta zama sirri. Ɓarawo ya fi samun sa'a ta bakinmu fiye da ta ƙwayar. Kada a rubuta lambar a bayan kati, kada a aiki yaro da kati da lamba tare, kada a faɗa wa mai kiran waya da sunan banki.

5. Ku kiyaye lanƙwasa da zafi. Zama a kan kati a aljihun baya na tsinka siririyar wayar. Huda shi don rataya makulli ma haka. A laluba aljihu kafin wanki da guga. Maniyyata aikin Hajji su adana fasfo a busasshen wuri, musamman da damina, kuma kada a buga masa ƙusar haɗa takardu.

6. Ku shirya wa ranar ɓata. Kowane banki na da lambar toshe kati ta waya. Maigida da uwargida su tambaye ta tun yanzu, su rubuta a ajiye a gida. Da kati ya ɓace a toshe shi nan take, kafin a fara cigiya. Wanda ya daina aiki kuwa, a datse shi da almakashi ta kan ƙwayar kafin a yar.