Ina Son Shiga Fim, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Anti, shekarata 23, na gama NCE. Ina sha'awar zama jaruma a Kannywood, amma mahaifina bai amince ba. Me zan yi?

Amsa: 'Yata, fara da gida. Albarkar iyaye ita ce jarinki na farko. Ki samu kawu ko gwaggon da mahaifinki yake jin nauyinsu, su zauna da shi. Kada ki fita a ɓoye.

Idan ya yarda, ki yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ƙungiyar MOPPAN. Ki kuma sani kasuwar faifai ta mutu. Aiki ya koma fina-finai masu dogon zango, irin su Daɗin Kowa da Labarina, a Arewa24 da YouTube. Sabuwar fuska takan wuni a lokeshin don fitowa ɗaya ko biyu, sallamar ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka ki riƙe wata sana'a a gefe, ki yi cinikin kuɗin aikinki kafin a kunna kyamara.

Duk furodusan da ya ce ki same shi a ɗakin otal, ki guje shi. Suna yakan gushe, mutunci kuwa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Allah ya yi miki jagora.