Godiya da haƙuri ba abin toshe bakin mara lafiya ba ne

Yaron aka kawo asibiti, ba uwar ba. Watansa goma sha ɗaya, tamowa ta cinye shi, igiyar awon hannu ta faɗa ja tun kafin a ɗaure ta sosai. Uwar ba ta kai shekara talatin ba. Ta zauna a kan benci tana kallon bango, surukarta ce ke amsa duk tambayar da aka yi. Daga wani ƙauye suke a gefen Gurbin Bore, sun taso ne bayan 'yan bindiga sun harbe maigidan a gona, suka raɓe a gidan dangi. Da mai wannan rubutu, wadda aikin jinya ne sana'arta, ta tambayi me ya sa yaron ba ya samun nono yadda ya kamata, sai tsohuwar ta ce: "Malama, rashin godiya ne ke damunta. Wasu gidan gaba ɗaya aka share, ita an bar mata 'ya'ya uku, amma ba ta ci, ba ta barci, ba ta kula kowa."

Sai da aka lallaɓa surukar ta fita karɓo abincin yaron sannan baiwar Allah ta buɗe baki. A gabanta aka harbe mijin. Tun daga ranar, ko ƙarar babur ta ji sai gabanta ya faɗi, jikinta ya ɗauki rawa. Mai kemis ya ce jininta ne ya yi ƙasa, ya sa mata ƙarin ruwa, ya haɗa mata da ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba. Ta riƙa yin barci mai nauyi har yaron ya yi ta kuka ba ta ji. Daga nan aka kai ta wurin wani mai magani, ya ce iska ce, aka yi ta banka mata hayaƙi a ɗaki a rufe, aka sayar da tunkiyar da ta rage aka biya shi. Watanni suka wuce, ba wanda ya tambaye ta abin da ta gani. Da aka tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin halaka kanta, ta ce rijiyar gidan da suke zaune ta sha zuwa mata a rai, tsoron Allah ne ya riƙe ta. Kullum kuma ana ce mata ta gode Allah, wasu sun fi ta shiga uku.

Irinta suna da yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa da firgici har zuwa mai tsanani. Duk wanda ya san hanyar Kaura Namoda zuwa Zurmi, ta Gurbin Bore har Jibiya, ba ya bukatar a yi masa lissafi. A Yunin 2021 an kashe mutane da dama a Kadawa da ƙauyukan kewaye, a Satumbar shekarar aka katse layin waya aka rufe kasuwanni, a Disambar 2023 kuma faɗa ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF, mai aiki a asibitocin Zurmi da Shinkafi, ta janye wasu ma'aikatanta daga Zurmi na ɗan lokaci.

Abin da aka yi wa matar ba wani abin mamaki ba ne. Likita ya gan ta, ya janye mata ƙwayar kemis a hankali, ya rubuta mata maganin da ya dace. Aka sanar da wata yayarta maganar rijiya don a riƙa sa ido. Aka koya mata jan numfashi a hankali, ta ƙirga uku tana shaƙa, uku tana fitarwa, safe da yamma. Aka ce ta zaɓi aiki ɗaya da ta daina, ta koma masa ko ba ta jin daɗi. Ta zaɓi ƙuli-ƙuli. Jan numfashin da komawa aikin suna cikin tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, na zama biyar, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya.

Sai da barci ya fara dawowa aka zo kan godiya. Ba ta iya rubutu ba, don haka aka ba ta gwangwanin tumatir da ɗan wake. Bayan sallar isha'i ta jefa ƙwaya uku, kowace ƙwaya ta ambaci abu ɗaya takamaimai da ya faru a ranar. A makon farko ta dawo da ƙwaya biyu kacal: yaron ya shanye kununsa, maƙwabciya ta ara mata turmi. An karɓa a haka, ba wanda ya ce me ya sa ba ta cika ba. Yaron ya murmure. Ita kuwa da sauƙi, tana ci tana sana'a, amma har yanzu babur na razana ta.

Wannan ƙirgen yana da asali. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka sun sa ɗalibai rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, har mako goma, suka ga sun fi masu rubuta ɓacin rai jin daɗin rayuwa. Amma fa ɗaliban jami'a ne, ba matan da aka kashe wa miji a gabansu ba, kuma masu binciken da suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje daga baya sun ga amfaninsa ga mai ciwon damuwa ɗan kaɗan ne. Ƙari ne a kan magani, kamar gishiri a miya.

Godiyar da mutum ya ƙirga da kansa tana taimakonsa. Wadda aka ɗora masa don ya yi shiru tana ƙara masa ciwo. Rashin barci na wata da watanni ba raunin imani ba ne.

Masu kemis, don Allah ku daina. Ƙarin ruwa ba ya maganin faɗuwar gaba, ƙwayar barci kuma tana kama jiki, mai shayarwa ta fi kowa shiga haɗari. Wanda ya riga ya saba da ita kada ya yanke lokaci guda, ya ga likita. Maza ma haka, masu haɗiyar tramadol don su iya shiga gona. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, malaman kirki su da kansu suke turo mutane asibiti. Wanda ya rufe mace a ɗaki da hayaƙi ya karɓi tunkiyarta kuwa, ɗan damfara ne. A daina kwatanta wa mai makoki musibar wani. A daina ba da ƙwayar barci, an faɗa an sake faɗa.

Duk wanda ya ambaci rijiya, igiya ko fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, kada a tsaya wa'azi, a kawar da abin daga gidan a kai shi asibiti a ranar. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Masu sa wa mara lafiya mari su sani cewa tun Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba shi haƙƙin a kula da shi ba tare da azabtarwa ba.